Ƙyallin dalma ya hana hoto fita a maikiroskof: fitilar ƙubba za ta yi magani?

Ɗan Nima, mai gyaran waya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina gyaran waya a Tip Toe Lane, nan Circle a Accra. Maikiroskof ɗina mai ido biyu ne, da bututu na uku na kyamara, yana zuƙowa daga ninki 7 zuwa 45. Fitilarsa ta zobe ce mai ƙwayoyi 144, wadda ya zo da ita.

Wajen aikin hannu ba ni da ƙorafi. Damuwata hoto. Yawancin masu kawo mini aiki masu gyara ne daga Tamale da Wa da Bawku, sukan ba direba wayar da ta gagare su ya kawo. Kafin in faɗi kuɗi sai na tura wa mutum hoton abin da na gani ta WhatsApp, don kada ya ce na ƙara masa. To dalma ce take ba ni kunya. Da idona ina ganin inda ta tsage a gindin ƙafar soket ɗin caji, amma a hoto sai wurin ya fito fari fat, ba tsagewa ba alamarta. In na rage wuta, farin yana nan, sauran bod ɗin kuma, wato allon cikin wayar, ya koma baƙi. Ban da haka, in la'asar ta yi idona kan yi nauyi, har kai ya ɗan sara.

Na ga ana sayar da wata fitila mai siffar ƙubba da ake kifawa a kan abin da ake dubawa, an ce tana kashe ƙyalli. In aka haɗa kuɗinta da na dako da na kwastan, ba ƙaramin sidi ba ne. Akwai wanda ya yi aiki da ita? Tana shiga ƙarƙashin irin maikiroskof ɗina? Kuma in na saya, sai in cire ta zoben ke nan?

Na PZ, Adum, Kumasi

Wa alaikumus salam. Abokina kada ka ɓata kuɗinka. In ka kifa ƙubba a kan bod, ta ina ayan ɗin liƙin dalma zai shiga, ta ina hantsaki zai shiga? Ni farar takarda mai shara-shara na yanka na manna a fuskar zoben, kuma ya rage. Ka gwada wannan tukuna.

Baba na Aboabo

Salamu alaikum. Ɗana na Nima, sannu da aiki. Na PZ ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Na yi shekaru ina kula da kayan awo a wani ɗakin gwaji a nan Kumasi kafin in ajiye aiki, yanzu yaran gareji na Suame Magazine ne suke kawo mini bakin injekta da ƙananan ƙarafa in duba musu. Bari in yi maka bayanin da tsawo, don in ka gane dalilin, kai da kanka za ka san abin saya.

Bod ɗin waya abu biyu ne a wuri guda. Koren fenti da baƙar robar IC, wato ƙananan sassan lantarkin da aka liƙa a kan bod, suna watsa hasken da ya sauka a kansu ta ko'ina. Dalma kuwa madubi ce, kuma madubi mai lanƙwasa. Madubi ba ya nuna kansa, abin da ke gabansa yake nunawa, kuma kusurwar da haske ya sauka da ita, da ita yake tashi. Saboda haka wannan farin da kake gani ba dalma ba ce, hoton fitilarka ne. Ka zuƙo sosai a kan ƙwallon dalma guda, za ka ga ɗan zobe a jikinsa, wani lokaci har ƙwayoyin fitilar za ka iya ƙirgawa. Gefen da bai kalli fitila ba kuma yana nuna maka ɗakinka ne, wato duhu. Fari fat a nan, baƙi ƙirin a can, tsagewar da kake nema ta ɓace a tsakani.

Shi ya sa rage wuta bai taimake ka ba. Hoton da kyamararka take fitarwa yana da matakai 256 ne kawai daga baƙi zuwa fari. Hoton ƙwayar fitila ya fi koren bod haske nesa ba kusa ba, ka rage shi rabi ma yana nan a saman ma'auni, shi kuwa bod ya faɗa ƙasa. Idon mutum ya fi kyamara haƙuri da wannan tazara, ga shi kana ɗan motsa bod ɗin ba tare da ka lura ba, ƙyallin ya matsa, ka hango abin da ke ƙarƙashinsa. Kyamara ba ta da wannan dabara.

Ciwon kan ma akwai hannun fitilar a ciki. Irin maikiroskof ɗinka ana ce masa ƙirar Greenough, sunan Ba'amurken da ya kawo tunanin, kamfanin Zeiss na garin Jena a Jamus ya fara ƙera shi a ƙarshen shekarun 1890. Maikiroskof biyu ne aka jingina da juna, kowane ido da nasa, suna haɗuwa a kan abin dubawa da kusurwar da ta ɗan haura digiri 10. Wannan bambancin ne yake ba ka zurfi, ka san tudu ka san kwari. Amma a kan madubi, idon dama yana ganin ƙyalli a wuri ɗaya, na hagu yana ganinsa a wani wurin, ƙwaƙwalwa ta yini tana ƙoƙarin haɗa hotuna biyu da suka ƙi haɗuwa. Ka dai duba saitin idon na'urar ma, kowane ido ka daidaita shi shi kaɗai, don wannan ma yana kawo ciwon kai.

Yanzu ƙubbar. Rabin ƙwallo ce, cikinta fari marar sheƙi. Ƙwayoyin fitilar suna jere a bakinta ta ciki, suna kallon sama, ba sa haska abin dubawa kai tsaye. Hasken ya bugi farin rufin, ya watsu, ya sake bugun wani gefen, har ya zama duk cikin ƙubbar ne yake haskawa daidai wa daida. Ka tuna bambancin rana tsaka a watan Maris da ranar da hazon hunturu ya rufe gari: a ranar hazo haske yana ko'ina, amma ka nemi inuwarka a ƙasa ka rasa. Dalmar tana nan a madubinta, ba ta canza hali ba, sai dai yanzu duk inda ta juya farin rufi take gani. Sai ta fito da launin toka mai laushi tun daga sama har gindi. Tsagewa kuwa rami ce, haske ya shiga ba ya fitowa, sai ta fito baƙin zare a kan toka. Hoton da kake son tura wa na Bawku ke nan. Tsatsar ruwa ma, koriyar nan da fara-fara da take fitowa a kan tagulla, a ƙarƙashin ƙubba launinta yake fita sosai.

Takardar Na PZ tana narkar da ƙwayoyi 144 su zama zobe guda mai taushi. Ci gaba ne. Amma hasken har yanzu daga sama yake zuwa ta siririyar hanya, gefen ƙwallon dalma yana nan baƙi.

To ga abin da masu talla ba sa faɗa.

Ƙubba tana da rami a ƙoƙuwarta, don ta nan ake leƙawa. Ramin ba ya haske. Duk abin da yake shimfiɗe kuma yana sheƙi, kamar murfin ƙarfen da ke rufe IC ko fuskar gilashin da ke kan wasu IC ɗin, zai nuna maka hoton ramin: baƙin tabo a tsakiya. A masana'antu, inda kyamara ɗaya ce take kallo tsaye, ramin ƙarami ne, wasu ma suna cike shi da wata fitila da ke turo haske ta gilashi mai raba haske biyu. Naka ido biyu ne, hanya biyu, dole ramin ya yi faɗi. Kuma lissafin ba wuya. Da gilashin ido mai ninki 10 da lambar faɗin fili 20, a zuƙowa ta 7 kana ganin fili mai faɗin milimita 28 da ɗoriya, tazarar gilashin ƙasa da bod kuma milimita 100 ce. Ramin da ya gaza santimita 3 zai yanke maka gefen hoto, ido ɗaya ta dama, ɗayan ta hagu. Saboda haka in za ka saya, kada ka sayi wadda aka yi don kyamarar masana'anta. Ka tambayi faɗin ramin da tsayin ƙubbar, ka tabbata ta maikiroskof mai ido biyu ce, kuma tsayinta bai kai milimita 100 ba. In kana ɗaura ƙarin gilashin nan na 0.5, mai rage zuƙowa rabi, da masu gyaran waya suke so, tazararka ta koma wajen milimita 165, wuri ya samu, amma filin da kake gani ya ninka, ramin ma sai ya ƙaru. Maganin baƙin tabon mai sauƙi ne: ka sa wani abu ƙarƙashin gefen bod ɗin ya ɗan karkace, tabon zai gudu gefe.

Babban aibinta kuwa shi ne alherinta. Abin da ya kashe inuwa ya kashe duk abin da sai da inuwa ake ganinsa. Yaran Magazine in sun kawo allurar injekta suna son sanin ko ta ƙarje, ba na kusantar ƙubba. Fitila guda nake kwantarwa kusan daidai da tebur, hasken ya shafi fuskar ƙarfen ta gefe, sai kowane ƙarzo ya tashi fari a kan baƙi. Ƙarfen nan dai in na sa shi a ƙubba sai ya fito sumul, ka rantse sabo ne. A naka aikin haka abin yake ga rubutun da aka zana da lesa a bayan IC, da ƙura, da ƙafar da ta ɗaga kaɗan daga mazauninta, da IC ɗin da aka goge bayansa aka sake masa lamba. Waɗannan duk hasken gefe suke so. Mutumin da ya dogara da ƙubba kaɗai zai riƙa wuce aibi yana cewa lafiya lau.

Don haka amsar tambayarka ta ƙarshe: a'a, ba ka cire zobe. Zobe na aiki ne, ƙubba ta dubawa da hoto ce bayan ka ajiye ayan, fitilar gefe kuma ta farautar ƙarzo. Ni a ganina fitilar gefen ta fi ƙubbar zama dole, kuma ita ce mai araha.

Kafin ka tura kuɗi waje, ka shiga kasuwar Nima ka sayi ƙoƙo, wanda faɗin bakinsa ya kai santimita 12 zuwa 14, mai zagaye sosai. Ka kankare cikinsa, ka shafa farin fenti marar sheƙi, irin na bango, ba na mai ba. Ka huda ƙoƙuwar, ka fara da ƙaramin rami, kana leƙawa kana faɗaɗawa har gefen hoton ya washe a ido biyun. Ka zagaya bakinsa ta ciki da igiyar fitilar LED ta bolt 12, ka yi mata ɗan leɓe da kwali yadda ƙwayoyin ba za su ga bod kai tsaye ba. Na zaɓi ƙoƙo da dalili. Kofin soso fari da wasu suke kifawa yana aiki, amma yana tara lantarkin gogayya, musamman da hunturu, kuma wannan yana iya kashe IC. Kwanon silba kuma ƙarfe ne, in bakinsa ya taɓa bod mai batir ka jawo wa kanka wani aikin. Ko wanne ka yi, ka ɗauke shi kafin ka kunna bulowa mai hura iska mai zafi.

In ka gama, ga gwaji. Ka samo ƙwayar boris ɗin keke ka sa a tsakiya. Za ta nuna maka cikin ƙubbarka gaba ɗaya: baƙin ɗigo a sama, shi ne ramin, sauran ya kamata ya zama fari bai ɗaya. In ka ga ɗige-ɗigen haske a gefe, leɓenka bai rufe ƙwayoyin ba. In ka ga baƙin zobe mai kauri a gindi, ƙubbar ta yi nisa da tebur, ka saukar da ita.

Hajiya mai gwal, Mamobi

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Ni ba waya nake gyarawa ba, sarƙa da ɗan kunne da awarwaro nake saye da sayarwa, ɗana ne ya haɗa mini maikiroskof a shago. Abin da nake dubawa hatimin da ake bugawa a maƙullin sarƙa ne, 750 na karat 18, 875 na 21, 916 na 22, da kuma wurin da maƙeri ya yi liƙi. Da fitilar zobe lambar ba ta karantuwa, gwal ɗin sai walƙiya. Yaron ya ciro farin murfin ƙwan lantarkin da ya mutu, ya huda samansa, ya kifa a kan sarƙar, ya haska shi ta waje da tocila biyu, dama da hagu. Wallahi lambar ta fito ɓaro-ɓaro, har inda ruwan gwal ya fara sallacewa a gaɓar sarƙa ana gani. Ɗana na Nima, ga ƙananan abubuwa wannan ma ya isa, ba sai ka yi fenti ba.

Tambayata ga Baba: a hoton, gwal ɗin yana fitowa fari-fari, kamar an wanke shi, mai saye a waya ya ce ba irin wanda ya gani ba ne. Daga ina wannan?

Baba na Aboabo

Hajiya, amin, na gode. Yaronki ya yi basira. Wannan ita ce ƙubba ta biyu, wadda ake haskawa ta waje hasken ya ratsa ta. Wasu ƙwallon tebur suke yankawa, mai faɗin milimita 40, don abu ƙanƙani.

Launin kuwa abu biyu ne. Farar fitilar LED a asalinta shuɗiya ce, aka shafa mata wani sinadari mai mayar da wani ɓangare na hasken rawaya, ido ya haɗa su ya ga fari. Masu araha ja ya yi musu ƙaranci, shi kuwa gwal ja da rawaya yake mayarwa. Abin da fitila ba ta ba shi ba, ba zai nuna ba. Ki sa yaron ya nemi fitilar da aka rubuta CRI 90 ko sama a kwalinta, wato ma'aunin yadda take fito da launi na gaskiya, mai lambar launin haske 5000K, ba 6500K mai shuɗi-shuɗi ba. Na biyu, kyamara in ta ga rawaya ta cika hoto sai ta ɗauka fitilar ce rawaya, ta yi ta ragewa. A sa farar takarda a ƙarƙashin murfin, a saita farin kyamara a kanta, a kulle saitin, sannan a sa sarƙar. Ki kuma lura da abin da aka shimfiɗa a ƙasa, don a cikin ƙubba launinsa yana tashi ya zagaya ko'ina. Wannan ya shafi na Nima ma, shuɗin faifan roba da kuke aiki a kai zai rina duk hoton, ka sa baƙi ko toka.

Amma Hajiya, kin fi ni sani, hatimi kowa na iya bugawa, launi kuma ba shaida ba ne. Dutsen gwaji da ruwansa suna nan a matsayinsu.

Ɗan Nima, mai gyaran waya

Baba, Hajiya, Allah ya bar zumunci. Na yi ƙoƙon. Mai sayarwar ta tambaye ni ko koko zan fara sayarwa a Circle. Tsagewar soket ta fito kamar yadda Baba ya ce, baƙin zare a kan toka, na tura wa mai wayar bai yi gardama ba. Na kuma ga abin da aka faɗa game da rubutun IC: a ƙoƙo ya dushe, da na kwantar da tocila a gefe ya fito. Masta na PZ, ayan dai ba ya shiga, wannan ka ci.

Saura abu biyu. Baƙin tabon a hoton kyamara ba a tsakiya yake ba, ya karkata gefe, ko ramin ne na huda a karkace? Sannan in na rage wutar da ɗan abin ragewa da na saya, sai wasu layuka baƙaƙe su riƙa tafiya a allon.

Baba na Aboabo

Raminka lafiya lau. Bututun kyamara daga hanyar ido ɗaya yake ɗibar hoto, ita kuma hanyar a karkace take kallo da wajen digiri 5 ko 6, dole tabon ya zauna gefe. Ka rufe ido ɗaya ka leƙa, ka sake da ɗayan, za ka ga yana tsalle dama da hagu.

Layukan daga abin ragewar ne. Irin waɗannan ba rage wutar suke yi ba, kashewa da kunnawa suke yi da sauri, ido ba ya kamawa. Kyamarar kuwa layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, wani layin ya dace da kunnawa, wani da kashewa. Ka cire shi gaba ɗaya, ka bar fitilar a cike. Ƙubba dama cin haske take yi, kowane bugu a bango da abin da yake ragewa, ba za ka samu rarar da za ka rage ba. In hoton ya yi haske da yawa, a kyamara za ka gyara. In ka cire kuma layukan ba su tafi ba, to adaftar ce ba ta tace wutar da kyau, ko fitilar silin ɗin shago tana shigowa. Wutar Ghana tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, fitilar da ke binta tana ƙiftawa sau 100. Ka shiga saitin kyamarar, akwai wurin zaɓen 50 ko 60, wasu suna zuwa a kan 60 irin na Amurka, ka mayar 50, ka sa lokacin ɗauka, wato tsawon lokacin da kyamara take karɓar haske, 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Mafi sauƙi duka, ka ba igiyar fitilar wuta daga batir ɗin bolt 12, ko an ɗauke wuta kana hotonka.

Da yake lokacin ɗauka ya ƙaru, kada ka taɓa tebur sa'ad da kake ɗauka, kuma ka jira janaretan maƙwabcinka in yana jingine da bangonku.